Yadda Ake Gano Ciwon Taransifoma Daga Gas Ɗin Da Ya Narke A Cikin Mai

Babbar taransifoma akwatin ƙarfe ce a rufe ruf, ba mai leƙa cikinta tana aiki. Amma man da ke ciki yana zagaya kowane lungu, yana taɓa naɗin waya, yana taɓa ƙarfen tsakiya da takardar da aka naɗe wayoyin da ita. Duk inda zafi ya wuce kima ko wuta ta yi tartsatsi, man da ke wurin yakan ɓare ya fitar da gas, gas ɗin kuma ya narke cikin sauran man kamar yadda sukari ke narkewa a shayi. Idan ka ɗebi man da kyau aka auna, za ka san irin ciwon tun kafin ya kwantar da ita.

Na daɗe ina wannan aiki a tashoshin 132/33 kV da na 33/11 kV, kuma abin da nake fara faɗa wa duk ƙanen da aka haɗa ni da shi shi ne: yawancin sakamakon da ya ɓatar da mu a bakin bawul ya lalace, tun kafin ya isa ɗakin gwaji. Shi ya sa za ka ga na fi daɗewa a kan ɗibar man.

Kayan aiki

Sirinjin gilashi mai cin mililita 50 ko 100, wanda ke da bawul mai hanya uku a bakinsa. Shi ne jigon aikin. Sai tiyo siriri da ake ganin cikinsa wanda mai ba ya cinye shi, da maƙalar da za ta haɗa tiyon da bakin bawul ɗin taransifoma, da bokitin zubar da man wanki, da ƙyalle mai tsabta marar zare-zare, da sifana, da safar hannu da ba ta shan mai, da tabarau da hular kwano da takalmin aiki. Ka riƙe akwatin sirinji mai soso a ciki, da takardar liƙawa, da biron da mai ba ya goge rubutunsa. Kada ka bar ofis ba tare da sakamakon gwajin baya na wannan taransifomar ba, in akwai shi.

Idan babu sirinji, a nemi kwalbar gilashi mai duhu ko gwangwanin alminiyom mai murfin da ke toshewa gam. Robar ruwan sha ba ta yi ko kusa, domin haidurojin yana ratsa jikin roba ya fice.

1. Ka san abin da kake nema

Gas bakwai ne ke ba da labari. Haidurojin (H2) yana fitowa a kusan kowane ciwo, amma shi ne kan gaba idan ana ƙananan tartsatsi marasa ƙarfi a cikin kumfar iska ko jiƙaƙƙiyar takarda. Metan (CH4) da etan (C2H6) na zafi ne mai sauƙi. Etilin (C2H4) na zafi ne mai tsanani, daga wajen digiri 500 zuwa sama yake fara rinjaye. Asetilin (C2H2), gas ɗin nan da masu walda ke samu idan sun zuba wa kabaid ruwa, ba ya samuwa da yawa sai inda zafi ya haura digiri 700 sosai, wato inda wuta ta yi tsalle ta yi walƙiya a cikin mai. Kabon monoksaid (CO) da kabon dayoksaid (CO2) kuwa galibi daga takarda suke fitowa idan tana tsufa ko tana ƙonewa. Ana kuma auna oksijin da naitirojin, su ne ke nuna maka ko iskar waje ta shiga. Duk ana lissafinsu da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan.

2. Izini da duba taransifoma

Ana iya ɗibar mai taransifoma tana ɗauke da wuta, haka ma aka fi yi, amma sai da takardar izinin aiki da sanin mai kula da tasha, kuma ba ka wuce ƙasan tanki. Idan na'urar Buchholz, wato na'urar kariya da ke tara gas ɗin da ya taso daga tanki, ta yanke wuta, ko kana jin ƙara baƙuwa daga ciki, kada ka matsa kusa sai an kashe taransifomar an yi mata atin, wato an haɗa ta da ƙasa.

Ka zagaya ka duba: matakin mai a ƙaramin tankin sama, launin silikar da ke cikin kwalbar shaƙar iska, agogon zafin mai da na naɗin waya, fankoki da famfunan sanyaya, da duk inda mai ke yoyo. Ka rubuta lodin da take ɗauke da shi a wannan lokacin. Idan tsohuwa ce ƙwarai kuma ba a san tarihin man da ke cikinta ba, ka ɗauka yana iya ƙunsar sinadarin PCB mai guba, kada ya taɓa fatarka, kada a zubar da shi a ƙasa.

Kada ka ɗebi mai ana ruwa, ko lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura. Idan dole ce ta kama, a yi wa wurin rumfa da tamfol.

3. Tabbatar da cewa man zai fito, ba iska ce za ta shiga ba

Wannan mataki ƙarami ne amma tsallake shi yana iya kashe taransifoma. Wadda ke da tankin sama, nauyin mai ne ke turo shi waje, ba matsala. Amma wadda aka rufe gaba ɗaya, idan ta huce, cikinta yakan koma yana zuƙa. Ka buɗe bawul a wannan hali, sai ta shaƙi iska, kumfar ta hau ta ratsa tsakanin naɗin waya, wuta ta yi tsalle. Ka duba agogon matsi, dole ya kasance sama da sifili. Idan babu agogo, ka ɗura ɗan mai mai tsabta a tiyo, ka haɗa, ka buɗe bawul kaɗan-kaɗan kana kallo. Man ya yo wajenka, ka ci gaba. Ya nufi cikin tanki, ka rufe nan take ka haƙura.

4. Wanke bawul

Ka yi amfani da bawul ɗin ɗibar mai na ƙasan babban tanki, kuma kowace shekara a wuri ɗaya za ka riƙa ɗiba, don sakamakon ya kwatantu. Ka lura da kyau kada ka ɗebo daga ɗakin na'urar canza matakin wuta, don ita aikinta ne yin tartsatsi, kuma man da ke cikinta cike yake da asetilin ko lafiyarta ƙalau.

Ka goge bakin bawul tas, ka cire toshiyar, ka sake gogewa. Sannan ka saki mai cikin bokiti, aƙalla lita ɗaya zuwa biyu, fiye da haka idan bututun dogo ne. Man da ya kwana a wuyan bawul ba ya zagayawa, yana tara ruwa da tsatsa, tsatsar da ruwan kuma suna iya haifar da haidurojin da babu shi a cikin tanki. Masu ƙyashin zubar da lita biyu su ne ke jawo a kashe lafiyayyar taransifoma a banza.

5. Cika sirinji

Ka haɗa tiyo da bawul mai hanya uku. Da farko ka juya shi yadda man zai wuce kai tsaye zuwa bokiti har kumfar tiyo ta ƙare. Sannan ka juya ya shiga sirinji, ka bar ƙarfin man ya tura sandar da kansa. Kada ka ja sandar da hannu. Jan ta yana tsotso gas ɗin da ya narke ya fito kumfa, kuma yana shigo da iska ta gefe.

Idan ya shiga kamar mililita 10 zuwa 20, ka ɗaga bakin sirinjin sama, ka ƙwanƙwasa jikinsa da yatsa kumfa ta taru, ka juya bawul ka tura ta waje tare da man. Ka maimaita wannan sau biyu ko uku. A na ƙarshe ka bar shi ya cika a hankali, amma kada ya kai ƙarshen sirinji, ka bar wa sandar wurin motsi saboda mai yana kumbura yana kuma tsukewa da zafi. Ka rufe hanyar sirinji tukuna, sannan ka rufe bawul ɗin taransifoma, ka mayar da toshiya ka ɗaure.

Ka ɗaga sirinjin ka duba a haske. Idan ka ga kumfa nan take, ka zubar ka sake. Amma kumfar da ta bayyana daga baya, bayan man ya huce a hanya, kada ka kuskura ka fitar da ita: gas ɗin taransifomar ne da kansa ya fito, masu gwaji sun san yadda za su yi da ita.

Mai aiki da kwalba ya zura tiyon har gindinta, ya bar man ya taso daga ƙasa ba tare da fantsama ba, ya cika ya tumbatsa sosai, sannan ya zare tiyon a hankali ya rufe. Sakamakon kwalba bai kai na sirinji ba, musamman a haidurojin da CO, don haka a rubuta cewa kwalba ce. Ni a babbar taransifoma sirinji biyu nake cikawa, ko ɗaya zai fashe ko a yi shakkar sakamakonsa.

6. Rubutu da aikawa

A jikin takardar ka sa sunan tasha, lambar taransifoma da ke jikin farantinta, girmanta da ƙarfin wutarta, shekarar ƙira, inda aka ɗiba, kwanan wata, zafin mai, lodi, da dalilin gwajin. Ka faɗa idan an taɓa tace man ko an ƙara sabo ko an yi walda a jikin tanki, da yaushe.

Ka sa sirinjin cikin akwatinsa, nesa da rana, ya isa ɗakin gwaji cikin 'yan kwanaki. Na taɓa karɓar sakamakon wata taransifoma da Buchholz ɗinta ke ta ƙara, amma takarda ta nuna haidurojin kusan babu. Da na bincika, ashe a robar ruwa aka ɗebo man, ya kuma yi kwanaki a gaban mota cikin zafin Afrilu. Da muka sake ɗiba da sirinji, sai ga gas ɗin ya bayyana jingim. Kwanakin da muka yi asara a tsakani har yau suna damuna, domin taransifomar tana ɗauke da lodin gari guda duk tsawon lokacin.

A ɗakin gwaji za a zare gas ɗin daga man a raba shi da na'ura bisa ƙa'idar IEC 60567 ko ASTM D3612. Inda ɗakin gwaji ya yi nisa, akwai na'urorin tafi-da-gidanka irin su Transport X da ke ba da sakamako a tasha cikin kusan rabin awa. Suna da amfani ƙwarai a lokacin gaggawa, amma idan za a yanke babban hukunci a tabbatar da ɗakin gwaji, kuma kada ka kwatanta lambar na'ura da ta ɗakin gwaji kai tsaye ka ce gas ya hau ko ya sauka.

7. Fara duba ko sakamakon abin yarda ne

Kafin komai ka kalli oksijin da naitirojin. Man da ya ƙoshi da iskar waje, idan ka raba oksijin da naitirojin za ka samu kusan 0.5. Idan taransifomar rufaffiya ce, a baya oksijin ɗinta kaɗan ne, yau kuma ga shi ya yi sama haidurojin ya faɗi, to iska ta shiga samfurin ko kuma tankin yana yoyo. Duk lambar da ta yi tsalle ba dalili, sake ɗiba ya fi yin gardama a kanta.

8. Akwai ciwo ko babu?

Kowace taransifoma mai aiki tana da ɗan gas, don haka ganin gas kaɗai ba ciwo ba ne. Ƙa'idar IEC 60599 ta kawo adadin da aka saba gani a lafiyayyun taransifomomi: haidurojin 50 zuwa 150 ppm, metan 30 zuwa 130, etan 20 zuwa 90, etilin 60 zuwa 280, CO 400 zuwa 600, asetilin kuwa 2 zuwa 20 kacal idan man babban tanki ba ya haɗuwa da na na'urar canza mataki. Masu bin tsarin Amurka suna duba IEEE C57.104, wanda aka sabunta a 2019.

Abin da ya fi waɗannan lambobi nauyi shi ne saurin ƙaruwa. Taransifomar da etilin ɗinta ya tsaya a 300 shekara biyar ba ta tayar mini da hankali kamar wadda ta tashi daga 20 zuwa 90 cikin wata biyu, ko da yake ta biyun ba ta fita daga adadin da aka saba ba. Ta farko tabon tsohon rauni ne, ta biyu ciwo ne da ke ci yanzu. Lissafin ba wuya: ka cire tsohon adadi daga sabo, ka raba da yawan kwanakin da ke tsakani, ka ninka da 30, ka samu ƙaruwar wata. Idan gas ya riga ya haura adadin da aka saba kuma yana ƙaruwa da fiye da kashi 10 cikin ɗari na adadinsa a wata, ana ɗaukar ciwon a matsayin mai rai.

Idan babu sakamakon baya, wanda haka ne a tashoshi da yawa da na je, na yau shi ne tushe. Ka sake ɗiba bayan mako biyu zuwa wata ɗaya idan lambobin sun yi sama. Asetilin kuwa, ko ppm biyu ne ya bayyana inda a da babu, ba na jiran wata, cikin kwanaki nake komawa.

9. Gano irin ciwon

Sai ka tabbatar akwai ciwo sannan ka zo nan. Wannan kuskure ne da sababbi ke yawan yi: hanyoyin nan kullum sai sun ba ka amsa, ko da gas ɗin bai taka kara ya karya ba, sai ka ga mutum ya rubuta wa lafiyayyar taransifoma ciwon da ba ta da shi.

Hanyar da na fi dogara da ita ita ce alwatikar Duval, wadda Michel Duval na kamfanin Hydro-Québec a Kanada ya fitar a 1974. Gas uku take buƙata: metan, etilin, asetilin. Ka haɗa jimillarsu, ka fitar da kason kowanne cikin ɗari. A misali, metan 120, etilin 330, asetilin 6, jimilla 456. Metan ya zama kashi 26, etilin 72, asetilin 1 da ɗoriya. Sai ka nemo inda suka haɗu a zanen.

Ko babu zanen a hannunka za ka iya da waɗannan iyakoki. Metan kashi 98 ko fiye, ƙananan tartsatsi ne (PD). Asetilin ƙasa da kashi 4 da etilin ƙasa da 20, zafi ne ƙasa da digiri 300 (T1). Asetilin ƙasa da 4 da etilin tsakanin 20 da 50, zafi ne daga digiri 300 zuwa 700 (T2). Etilin 50 ko fiye da asetilin ƙasa da 15, zafi ne sama da digiri 700 (T3), nan misalinmu ya faɗa. Asetilin 13 ko fiye da etilin ƙasa da 23, tartsatsi ne mai ƙaramin ƙarfi (D1). Idan asetilin ya yi yawa haka kuma etilin ya haura 23, galibi walƙiya ce mai ƙarfi (D2). Akwai wani yanki a tsakiya (DT) na haɗakar zafi da tartsatsi.

Ka gwada amsar da hanyar rabo ta IEC: asetilin a raba da etilin, metan da haidurojin, etilin da etan. T3 na gaskiya zai nuna na farko ƙasa da 0.2, na biyu sama da 1, na uku sama da 4. Idan hanyoyin biyu suka yi daidai, hankali ya fi kwanciya. Wani lokaci hanyar rabo ba ta ba da amsa sam, ba laifinka ba ne, haka take.

Daga nan sai tambayar da ta fi kowace tsada: ciwon ya taɓa takarda? Mai ana tace shi ko a canza, takarda kuwa idan ta ƙone ta ƙone, kuma tsawon ran taransifoma tsawon ran takardarta ne. Ka raba CO2 da CO. Idan CO yana hawa kuma rabon ya faɗo ƙasa da 3, akwai alamar takarda na ƙonewa. Sama da 10 ya fi nuna tsufa ko ɗumi mai sauƙi na dogon lokaci, irin wanda muke gani a taransifomomin da ke shan lodi fiye da kima daga Maris zuwa Mayu, fankokinsu rabi a mace. Idan kana shakka, ka nemi a yi gwajin furan a man, shi ne ke nuna lalacewar takarda kai tsaye.

10. Abubuwan da ke yaudara

Idan asetilin ya ninka haidurojin sau biyu ko uku a babban tanki, ka fara zargin man na'urar canza mataki ne ke tsallakowa ta lalataccen gasket, wato robar da ke toshe mahaɗa, ko ta tankin sama da suke tarayya. Walda a jikin tanki tana barin asetilin. Wasu nau'o'in mai suna fitar da haidurojin da etan a zafi na yau da kullum ba tare da wani ciwo ba, za ka gane su da cewa sukan hau su tsaya. Bayan an tace mai, gas yakan faɗi ƙasa sannan ya riƙa dawowa a hankali na wasu makonni, saboda wanda takarda ta shanye ne ke fitowa. Don haka tacewa ba magani ba ce, share shaida ce kawai. A ɗebi samfur kafin tacewa da bayanta.

11. Matakin da za a ɗauka

T1 ko T2 mai tafiyar hawainiya: a duba fankoki, famfuna, bawul ɗin radiyeto ko wani ya rufe, a rage lodi, a ƙara yawan gwaji. Idan an rage lodi gas ya daina hawa, ciwon yana kan hanyar da wuta ke bi, kamar sako-sakon noti a mahaɗa ko cinyayyen haƙorin na'urar canza mataki. Idan bai damu da lodi ba, a fi zargin ƙarfen tsakiya ko atin ɗinsa. T3 yana buƙatar a tsara kashe ta ba da jimawa ba, a auna juriyar naɗin waya a kowane mataki, da rabon naɗi, da ƙarfin kariya ta amfani da na'urar aunawar da ake kira mega. PD yakan zo tare da danshi, don haka a auna ruwan da ke cikin mai da ƙarfin jure wutarsa.

D1 ko D2 da asetilin ke hawa daga samfur zuwa samfur, shawarata a rubuce ita ce a kashe ta. Na san matsin da ke biyo baya idan unguwanni suka shiga duhu, amma walƙiya a cikin tan-tan na mai tana iya fasa tanki ta tashi gobara da mutane a tsaye kusa.

Idan Buchholz ta yi ƙara, kada a saki gas ɗin da ta tara a iska a mayar da wuta. A rubuta yawansa da launinsa, a zuƙe shi cikin busasshen sirinji ta bawul ɗinta da wuri, tun bai koma cikin mai ba, a aika shi tare da samfurin man ƙasa. Tsofaffin ma'aikata sukan kusanta masa ashana su ga ko zai kama. Kamawarsa tana nuna ba iska ce kawai ba, amma ba ta faɗin irin ciwon, kuma ba a yin ta kusa da taransifoma. Gas ɗin ciwon da ya faru farat ɗaya yakan ɗauki sa'o'i kafin ya gauraya ya iso bawul ɗin ƙasa, saboda haka a sake ɗibar mai washegari.

Ga lafiyayyar taransifoma, sau ɗaya a shekara ya wadatar, manya masu muhimmanci kuma duk wata shida. Sabuwa ko wadda aka gyara, a ɗiba kafin a ba ta wuta, sannan bayan kwana ɗaya, bayan mako, bayan wata. Kowane sakamako a shigar da shi littafi ɗaya ko fayil ɗaya na wannan taransifomar, gas bakwai a jere, da kwanan wata da lodi da zafin mai a gefe, a kuma bar kwafi a tashar don wanda zai karɓi aiki bayanka.